Facin da Na Yi wa Davou

Shekara ashirin ina faci a Bukuru,
bakin titi, gindin mangwaro.
Na san hanyar da iska ke bi ta sulale:
in tsoma tib a baho, in jira kumfa.
Kumfa ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.

Davou ya zo da tiyo a kafaɗa,
baƙi, duk ya tsattsage kamar kaushin diddige.
Ya ce, “Tanimu, taimaka.
Ɗan makaranta ya faɗa kududdufin kuza jiya,
uwarsa na bakin ruwa, ta ƙi tashi.”

Na ce ni taya na sani.
Ya ce iska ai iska ce.

Kayan nan a gwanjo ya same su,
hannun wani da ya baro aikin teku:
tulun ƙarfe, tsatsa ta ci wuyansa,
ranar da aka gwada shi ta goge,
ga agogon da sai an ƙwanƙwasa
allurarsa ke tuna aikinta.
Zoben roba ya bushe ƙamas.
Na yanko wani daga tib ɗin babur,
na shafa sholisho, na naɗe tiyo tamau,
na tsoma a baho.
Shiru. Ko ƙwaya ɗaya.
Ya miƙo ɗari biyar. Na karɓa.

Zurfin baho taƙi biyu ne.
Ramin da masu haƙar kuza suka bari
ban san wanda ya taɓa gindinsa ba.

Ni na riƙe igiya.
Ruwa kore shar, kwance, kamar bai ci kowa ba.
Ya tofa yawu a gilashi, ya goge,
ya ciji robar, ya ɗaga mini hannu,
ruwa ya rufe.
Ƙananan kumfa na tasowa daki-daki,
ina jan su a zuci kamar carbi.

Sai ruwa ya tafasa wuri ɗaya.
Jama’a suka ɗauka, “Ya same shi!”
Ni kaɗai na gane wannan tafasa.
Da ita nake cin abinci.

Daga baya ya ba ni labari.
Allura na nuna rabi,
ya zuƙa, ya ji kamar dutse ya tsotsa.
Ya ƙwanƙwasa. Rabi.
Laka ta tashi, sama ta yi nisa,
’yar fara, kamar bakin rijiya.
An koya masa a hau sannu,
a tsaya a hanya, jini ya huce.
Wa zai tsaya da ƙirji fayau?
Ya taso kamar gorar da aka danne aka saki,
jini a hanci, ido a juye.

Bai mutu ba.
Kunnen hagu ya toshe, ƙafar dama sai ja.
Likita ya ce maganin irin wannan
ba a kan tsaunin nan yake ba.
Yaron kuwa, ran Laraba
ruwa ya dawo da shi don kansa,
ba tulu, ba tiyo, ba igiya.

Yanzu da la’asar Davou kan zo da sanda,
ya zauna kan tayar tirela,
ya juyo mini kunnen da ke ji.
Mu yi hirar ƙwallo, da tsadar dankali.
Bai taɓa cewa “kai ne” ba.
Da ma ya faɗa.

Tulun na nan bayan rumfa.
’Yan jari-bola sun taya, na hana.
Jiya wani saurayi ya leƙo,
wai ko ana ba da shi haya.
Na ɗauko gudumar taya,
na fasa agogon a gabansa.

Sai a sannan allurar ta faɗi ƙasa.